Addu'a ta bushe mini, ji nake Allah ya yi nisa: ta ina zan fara?

Tela a Garwa ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da damuwar da na kasa faɗa wa kowa a majami'armu, shi ya sa na kawo ta nan. An yi mini baftisma tun ina budurwa, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina kuma zuwa zumuntar mata. Amma tun bayan Kirsimeti addu'a ta bushe mini. Ina durƙusawa, baki na motsi, zuciya kuwa tana wani wuri. In na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in kai ƙarshen shafi ban san abin da na karanta ba. Waƙoƙin da a dā suke sa ni hawaye, yanzu rerawa kawai nake don ana bukatar muryata. Ban daina ba da gaskiya ba, na san Yesu ya mutu domina, amma ba na jin kusancinsa ko kaɗan, har na fara tsoron ko na yi wani laifin da ya sa Ruhu Mai Tsarki ya rabu da ni.

Ba lallashi kawai nake nema ba. Ku faɗa mini abin yi: me zan karanta, da wane lokaci, minti nawa, kuma yaya zan gane ko zunubi ne ya jawo ko gwaji ne? Wata ta ce in yi azumin kwana 7, wata ta ce in je wurin wani annabi a bayan gari ya wanke ni. Na rasa wadda zan bi.

Dattijo a Marwa ya amsa:

'Yata, salama ta tabbata a gare ki. Ki fara ajiye wannan tsoron tukuna. Wanda Ruhu ya rabu da shi ba ya kwana ya tashi da damuwar rashin Allah, harkarsa yake yi hankali kwance. Ƙishin da ya hana ki sakewa shi kansa shaida ne cewa da sauran rai. Kuma ba a kanki aka fara ba. A ayoyi biyun farko na Zabura 13, sau 4 Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe. Ayuba, a sura 23, ya duba gaba da baya da hagu da dama bai ga Allah ba, sannan a aya 10 ya ce Allah dai ya san hanyar da yake bi. Ubangijinmu da kansa, a kan gicciye, da farkon Zabura 22 ya yi kuka. Ku a Garwa kuna da Binuwai da ba ya ƙafewa, mu nan koginmu Mayo Kaliyawo yashi ne zalla duk tsawon rani. Baƙo ya duba ya ce babu ruwa, 'yan gari kuwa su tona rami a cikin yashin su ɗebo. Ji da zuciya yakan ƙafe haka, amma alkawarin Ibraniyawa 13:5, cewa Allah ba zai rabu da mu ba, yana nan ƙasa bai tafi ko'ina ba.

Sai dai ba a ba da magani kafin a san ciwo, kuma wannan bushewa ba tushe ɗaya gare ta ba. Abin da aka fi mantawa shi ne jiki. Karanta 1 Sarakuna 19 a hankali. Iliya ya gama gagarumin aiki a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba: abinci ya ba shi da tulun ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan haka aka yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, inda ya ji muryar. Mutum mai bashin barci, ko wanda zazzaɓi ya ragargaza, in ya zauna addu'a ba zai ji komai ba, kuma ba laifin bangaskiyarsa ba ne.

Na biyu shi ne wanda kike tsoro, zunubin da aka sani aka ƙi furtawa, ko riƙon wani a zuci. A nan akwai ma'auni mai sauƙi. In Ruhu Mai Tsarki ne yake tsauta miki, zai kama abu da sunansa: kaza kika faɗa, ga wance, ran kaza, kuma zai nuna miki abin yi. In kuwa abin da kike ji wani nauyi ne marar suna, wai ke dai ba ki da amfani, Allah ya gaji da ke, to wannan muryar Shaiɗan ce, mai kai ƙararmu, ba ta kai mutum ga tuba, durƙusar da shi kawai take yi. Ga yadda ake binciken: ki ware rabin awa sau ɗaya, da takarda da biro, ki yi addu'a da Zabura 139:23-24, ki rubuta abin da ya fito fili. Ki furta shi ɗaya bayan ɗaya, ki karanta 1 Yohanna 1:9 da murya, abin da ke bukatar biya ko neman gafarar mutum ki sa masa rana, sannan ki yaga takardar. Kuskuren da masu tsoron Allah suka fi yi shi ne maimaita wannan tonon kullum. In kin tona ba ki sami komai ba, ki yarda babu, kada ki ƙirƙiro wa kanki laifi.

Akwai kuma sakaci mai shigowa a hankali, wanda ba a lura da ranar da ya fara: addu'ar safe ta koma ta kan hanya, ta kan hanya ta koma ta ranar Lahadi. Maganinsa yana Wahayi 2:4-5, inda aka ce wa ikilisiyar Afisa ta tuna, ta tuba, ta koma ga ayyukanta na farko. Lura da kyau, ayyukan aka ce ta koma yi, ba a umarce ta ta ji abin da ta ji da farko ba, domin ji ba ya bin umarni. Akwai wanda baƙin ciki ne ya rufe masa baki, rasuwa ko addu'ar da aka daɗe ana yi ba amsa, yana fushi da Allah amma tarbiyya ta hana shi faɗa. Akwai kuma wanda ba ko ɗaya cikin waɗannan, Allah ne yake yaye shi daga dogara ga daɗin addu'a.

To ki amsa mini: awa nawa kike barci? Kina da ciki ko goyo? Me ya faru a gidanku ko a majami'a wajen lokacin da abin ya fara? Akwai wanda in ya shigo sujada sai ki ji ƙirjinki ya ɗaure? Kina cin Jibin Ubangiji?

Tela a Garwa ta sake rubutawa:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ina da goyon wata 7. Ɗinki yakan kai ni sha biyun dare, musamman in biki ya matso ko wuta ta dawo a makare, ga zafin nan ba ya barin yaron ya yi barci, don haka in na sami awa 4 ko 5 na gode. Maganar mutum kuwa, akwai. Ƙanwar mijina ta ɗauki kuɗin adashina, sefa 30,000, ba ta mayar ba, muka yi cacar baki, yanzu gaisuwa ma da ƙyar. Majami'armu ɗaya da ita. Tun daga nan na daina zuwa Jibi don na ga ban cancanta ba.

Malamar Littafi a Ngaundere ta amsa:

'Yar'uwa, na bar maganar ƙanwar miji ga Baba, ni tsarin yau da kullum zan ba ki. Sharaɗin farko: ki yi shi ƙarami. Masu neman dawowa sukan yi wa kansu alkawarin awa guda kowace asuba, su yi kwana uku, na huɗu yaro ya kwana yana kuka, su fāɗi, sai kunya ta ƙaru a kan bushewar. Ki ɗauki minti 15, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, na mako 6, kuma kada ki auna ko yana aiki kafin makonnin su cika. Ga mai goyo, lokacin da ya fi tabbata shi ne bayan shayarwar asuba, in yaron ya koma barci, kafin a hura wuta. A yawancin unguwannin Garwa ba kya bukatar agogo, kiran sallar maƙwabta zai tashe ki. Ki zauna a zaune, kan kujera 'yar tsugunne ko tabarma a tsakar gida, kada ki yi a kwance ko ki kifa kai a kan katifa, barci ne zai ɗauke ki. Waya ta kwana a wani ɗaki. In a waya kike karatu, ki kashe data tukuna, domin saƙon WhatsApp ɗaya na mai jiran ɗinki ya isa ya cinye minti 15 ɗin.

Minti 2 na farko shiru, ki faɗa wa Allah gaskiyar yadda kika zo, ko da jimla ɗaya ce: ga ni, ba na jin komai, amma na zo. Sai Zabura ɗaya, da murya mai fita, ba a zuci ba. Dalili shi ne zuciyar da ta gaji tana yawo in ido kaɗai ke aiki, amma in baki ya furta kunne ya ji, tana da wuyar kuɓucewa. Makon farko ki bi 13, 42, 43, 63, 77, 130, 88. Zabura 42 da 43 tafiyarsu ɗaya, za ki ga tambaya guda tana dawowa sau 3, mai zabura yana yi wa ransa magana maimakon ya zauna yana sauraronsa. A 77 ki lura da inda maganar ta juya, wajen aya 10 zuwa 12, daga kuka zuwa tuna ayyukan Allah na dā. Ita kuwa 88 ba ta juya ba sam, cikin duhu ta ƙare, kuma an bar ta a Littafin. Ina ganin babu surar da ta fi ta amfani ga wanda yake tsammani dole sai ya yi fara'a kafin ya zo gaban Allah. In da Faransanci kike karantawa za ki ga lambar aya a Zabura ta zarce ta Hausa da ɗaya a wurare da yawa, saboda ana ƙirga kan maganar a matsayin aya. Shawarata dai ki karanta da harshen da kike kuka da shi, Hausa ne, Fulatanci ne, ko yaren gidanku.

Daga nan sai Bishara. Ki ɗauki Markus, sura 16 ce, rabin sura a rana zai kai ki wata guda. Kada ki fara daga Farawa da niyyar sauke Littafin duka a wannan hali, a Littafin Firistoci za ki tsaya. Cikin abin da kika karanta ki zaɓi aya ɗaya ki yi addu'a da ita. Hanyar da na fi koya wa mutane ita ce wadda Martin Luta ya rubuta wa mai yi masa aski a 1535, da mutumin ya tambaye shi yadda ake addu'a. Luta bai ɓoye cewa shi ma yakan yi sanyi ba, kuma ya ce in hakan ta faru yakan ɗauki Zabura ya shiga ɗaki, ya bi Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji. Kowace magana yakan yi mata tambaya 4: me take koya mini, me zan gode a kai, me zan furta, me zan roƙa. Gwada da Markus 4:38, inda almajirai suka tashi Yesu a jirgi suna tambaya ko bai damu su hallaka ba. Koyarwa: yana cikin jirgin ko da ya yi shiru. Godiya: bai sauka ya bar su ba. Furci: na ɗauki shirunka a matsayin rashin kula. Roƙo: ka tsawata wa abin da ke kaɗa ni. Minti 5 ya isa. Luta ya ƙara da cewa in ana cikin haka wani tunani mai kyau ya buɗe, a bar sauran tsarin a tsaya a saurara. Tsarin bawa ne, ba ubangida ba.

Tunani zai yi yawo, wannan tabbas ne. Ki ajiye guntun takarda kusa: zare ya ƙare, kuɗin makaranta, alkawarin ɗinkin Asabar, ki rubuta ki dawo. In kika tsaya yaƙi da tunanin, shi zai zama addu'ar. Ranar da kika rasa, kada ki rama da ninki washegari, ki ci gaba daga inda kika tsaya.

Ayar da kika zaɓa ki rubuta ta a ƙyalle ko kwali ki maƙala a jikin keken ɗinki. Duk sanda kika canja zare ko kika cika bobin, ki maimaita ta. Daniyel sau 3 a rana yake durƙusawa, ke ma ki sa ƙananan tasha biyu bayan ta safe, tsakar rana da kafin kwanciya, Addu'ar Ubangiji kaɗai, a hankali. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na murya da Hausa da Fulatanci da ake sa wa a waya, yana da kyau a lokacin aiki, amma ƙari ne, ba ya maye gurbin zaman safe.

Jagoran Addu'a a Kuseri ya amsa:

Mama, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma kada a raina azumi. Yesu cewa ya yi sa'ad da kuke azumi, bai ce in kun ga dama ba (Matiyu 6:16). Amfaninsa shi ne yunwa tana tuna wa mutum abin da yake nema, kuma lokacin girki da ci ya koma na addu'a. Azumin da ba a sa addu'a a gurbin abincin ba, yunwa ce kawai. Ba sai kwana 7 ba. Akwai irin na Daniyel 10:3, mako 3 ba nama ba kayan daɗi, akwai na barin abinci ɗaya a rana. Kuma a haɗa da Ishaya 58: abin da ba a ci ba a kai wa mai bukata.

Ma'aikaciyar jinya a Mokolo ta amsa:

Ɗan'uwa na Kuseri, koyarwarka a kan azumi daidai take, amma ga wannan baiwar Allah a wannan wata, a'a. Mai shayarwa, a Garwa, a bazara da zafi ke haura digiri 40, ba ta azumin ƙin shan ruwa ko na yini ɗaya, balle 7. Ruwan jiki zai ragu, nono ya ja baya, jiri ya kama ta a kan keke. Haka mai ciki, mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai sikila, da duk wanda yake kan maganin da ake sha da abinci. In tana son ta yi wani abu, ta yi azumin waya daga magariba zuwa safe, ko ta bar shayi mai suga da kayan maƙulashe. Ruwa kuwa ta sha har fitsari ya yi fari-fari, in ya yi ja kamar shayi jiki na bin ta bashi.

'Yar'uwa, abin da kika lissafa ya sa ni ce ki je asibiti cikin makon nan, ba don bangaskiyarki ta gaza ba. Ki nemi gwaji biyu: na zazzaɓin cizon sauro, da na yawan jini. Ga macen da ba ta da ciki, in awon jinin ya gaza 12 akwai ƙarancin jini, kuma yana da yawa ga masu goyo. Alamunsa: cikin fatar ido da tafin hannu su yi fari, haki in an ɗan yi tafiya, bugun zuciya, kasala, da kasa tara hankali wuri ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da kika ce yana samunki a karatu. Ƙwayoyin ƙarin jini ana shan su wata da watanni, ba mako ɗaya ba, kuma kada a haɗa su da shayi domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikinsu.

Sannan ki yi wa kanki wannan tambayar da gaske: addu'a ce kaɗai ta rasa daɗi, ko komai ne? In har yanzu kina jin daɗin wasa da yaron, da hira, da ganin riga ta fito da kyau, to matsalar ta fi karkata ga abin da su Baba suke bayani. In kuwa mako 2 ko fiye, kusan kullum, ba abin da ke faranta miki, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa ko da yaron ya yi barci, kuka ba dalili, kina ganin kin zama kaya ga mutane, wannan ciwon damuwa ne. Yakan kama mata a cikin shekarar farko bayan haihuwa, ba aljani ba ne, ba kuma hukunci ba ne, ana maganinsa a warke. A yankinmu, inda mutane da yawa suka baro garuruwansu saboda tashin hankali, har da 'yan'uwanmu na sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013, sau da yawa wanda ya ce Allah ya yi masa nisa raunin abin da ya gani ne yake magana. In tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, kada ki jira mako 2, ki faɗa wa mijinki ko wata babbar mace yau, a raka ki wurin likita.

Barci kuma: babba yana bukatar awa 7 ko kusa. Ki sa wa keke dokar rufewa ƙarfe 10, ki rage karɓar ɗinkin gaggawa, ki kwanta rabin awa da rana sanda yaron ya kwanta, maigida kuma ya karɓe shi wani sashe na dare. In ba a gyara wannan ba, tsarin Malama zai zama gyangyaɗi.

Katikis a Yagwa ya amsa:

'Yar'uwa, ni Katolika ne, amma abin da zan kawo na kowane mai bi ne. Iginatiyus na Loyola, wani firist na Katolika wanda ya rasu a 1556, ya bar ƙa'idoji a kan irin wannan lokaci, kuma wadda ta fi muhimmanci gare ki ita ce: a lokacin duhu ba a canja shawarar da aka yanke a lokacin haske. Kada ki bar ƙungiyar mawaƙa yanzu, kada ki sauya majami'a yanzu, kada ki yanke cewa baftismarki ba ta karɓu ba. Duk wannan ya jira. Ya kuma ce in jaraba ta zo ta a gajarta addu'a, a ƙara ɗan kaɗan a kai. Wato in minti 15 ɗin sun yi nauyi a minti na 10, ki kai 16. Ya lura kuma cewa Magabci yana son a riƙe masa asiri, da zarar an buɗe wa wani mai hankali abin da ke zuci, ƙarfinsa ya ragu. Rubutun da kika yi nan mafari ne, amma ba mu san fuskarki ba. Ki nemi mace ɗaya dattijuwa a zumuntarku, wadda ba ta yawo da magana, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, rabin awa, ki faɗa mata yadda makon ya tafi, ta yi addu'a da murya a madadinki ranar da ke ba ki iya ba.

Da dare ga abin da muke koya wa masu shirin baftisma, minti 5 zuwa 10. Ki fara da godiya a kan abu 3 na ranar, ƙanana kuma takamaimai, ba "na gode da komai" ba: ruwa ya zo a famfo, mai riga ta biya, yaron ya yi dariya. Ki roƙi haske. Ki bi ranar daga safe zuwa dare, ina zuciya ta saki, ina ta ɗaure. Ki nemi gafara a kan abin da ya fito. Ki miƙa gobe da abu ɗaya da za ki yi dabam. Amfanin wannan ga mai bushewa shi ne yana mayar da ido kan abin da Allah ya yi a zahiri cikin yinin, maimakon a yi ta taɓa zuciya ana duba ko ta yi ɗumi. Wannan yawan dubawar ita kanta tana ƙara sanyin.

Kin tambayi yadda ake gane gwaji. Yohanna na Gicciye, ɗan Sifen na ƙarni na 16, ya ba da alamu 3 da sai sun haɗu: ta farko, mutum ba ya samun daɗi a al'amuran Allah, ba ya kuma samunsa a kayan duniya; ta biyu, zuciyarsa na komawa ga Allah da damuwa, yana tsoron ba ya bauta masa yadda ya kamata; ta uku, irin bimbinin da ya saba ya ƙi yiwuwa. Mai sakaci ba shi da alama ta biyu, ya bar addu'a kuma bai damu ba. Shi Yohanna ɗin ma ya yi gargaɗi cewa rashin lafiyar jiki na iya kama da wannan, don haka maganar ma'aikaciyar jinya ita ce gaba. Wanda yake cikin irin wannan duhu ba a matsa masa ya ƙara yawan kalmomi, zama ake koya masa a gaban Allah cikin natsuwa, da gajeriyar addu'a kamar ta mai karɓar haraji a Luka 18:13, ko ta mahaifin yaron nan a Markus 9:24. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin faɗa ba. Ba zan yi miki alkawarin rana ba. Ga yawancin mutane abin yakan sassauta cikin makonni ko watanni in an gyara abin da ke gyaruwa. Amma wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata, da aka buga a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara 50 cikin irin wannan duhu, tana tashi addu'a tana wanke marasa lafiya. Ƙaramar sanarwa: in kin ɗauki littafin sujada na Katolika da Faransanci, Zabura 42 za ki same ta a 41, lissafin ne ya bambanta.

Dattijo a Marwa ya sake amsawa:

'Yata, amsarki ta nuna abu biyu ne suka haɗu, gajiya da riƙo. Na farko an gama miki bayaninsa. Annabin bayan gari kuwa, kada ki je. Duk wanda ya sa kuɗi a kan mai ko ruwa ko wanka, ko ya ce ki zo ke kaɗai da dare, ko ya fara nuna miki wane dangi ne ya ɗaure ki, ki yi nesa da shi. Ayyukan Manzanni 8:20 ta nuna amsar da Bitrus ya ba wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. Kuma da rigimar da ke tsakaninki da ƙanwar mijinki, irin wannan mutum sunanta zai kama, gida ya ƙara wargajewa.

Yafewa dabam, bin bashi dabam. Kina iya yafe zagin da aka yi miki a gaban Allah yau, bisa ga Markus 11:25, kuɗinki kuma yana nan a matsayin haƙƙi. Ki fara yi mata addu'a da sunanta kowace safiya har mako guda, ki roƙa mata alherin da kike roƙa wa kanki, ko da baki ne kawai ke faɗa. Ki sanar da mijinki kafin ki je, domin ƙanwarsa ce, kada ya ji a bakin wasu. Sannan ki same ta ita kaɗai, a gidanta, ba a harabar majami'a ba, ba ta saƙon waya ba, kamar yadda Matiyu 18:15 ta tsara. Ki fara da naki kason: maganganun da kika faɗa cikin fushi, ki nemi gafararsu ba tare da kin ɗora "amma ke ma" a kai ba, wannan kalmar ce take rushe yawancin sulhu. Maganar kuɗi ta zo daga baya, da hanyar da za ta iya: 5,000 a wata, wata 6, a gaban uwar adashi. In kin ga ba ta da shi da gaske kuma zuciyarki ta yarda ki bar mata, ki faɗa a fili cewa kin bari, kada ki yi shiru kina ƙirgawa a ciki.

Jibi kuwa, ba don waɗanda suka cancanta aka kafa shi ba. 1 Korintiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sannan ya ci, ba ta ce ya gwada kansa ya ƙaurace ba. Kin yi watanni kina hana kanki abincin da aka tanada domin masu rauni. Ki je wurin fasto ko matarsa kafin Jibi mai zuwa, ki faɗa musu kin ɗauki matakin sulhu. In ta karɓe ki, ku je teburin tare. In ta ƙi saurara, ki koma da mutum ɗaya ko biyu da take girmamawa, kamar shugabar zumuntar mata ko wata babba a dangin mijinki. In ta sake ƙi, Romawa 12:18 ta ɗora miki iyakar abin da ke hannunki ne kawai: ki ci gaba da gaishe ta, ki bar maganar kuɗin a hannun mijinki da dattawan ikilisiya, ke kuma ki ci Jibinki.